An Riga An Kama

Ranar Alhamis da hantsi Malam Ƙididdiga ya tsaya gaban taswirar gari da ke manne a bangon ofis, jajayen allurai a bakinsa kamar tela, yana soka su a kan gidajen da kwamfuta ta zaɓo don gwajin mako mai zuwa. Dakta tana bayansa riƙe da kofin shayi, tana kallo don sabo kawai. Ya soka ɗaya a unguwar ma'aikata, ya soka wasu a bayan kasuwa. Sai hannunsa ya gangara kudu, ya wuce gidan mai, ya shiga wani ɗan lungu ya tsaya.

"Wane gida ne wannan?" ta tambaya.

Ya zare allura daga baki ya duba takardarsa. "Bene mai koren ƙyaure. Ɗaki biyu da falo a sama, mai gidan yana zaune a ƙasa."

Shayi ya zubo mata a yatsu, ba ta ma ji zafinsa ba. Gidan Kawunta ne, yayan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama bayan rasuwar mahaifinta. A ƙasan benen nan ta girma.

Dakta dai ba ta asibiti ba ce, ko allura ba ta iya yi. Karatunta na nazarin zaman jama'a ne, kuma ita ke jagorantar wani bincike a cibiyarsu, wanda wani kwamitin majalisa ke jira kafin ya gama tsara dokar haya. Mata sun daɗe suna kuka cewa masu gidaje ba sa ba macen da ba ta da miji haya. Lauyan ƙungiyar masu gidaje kuwa, wani mai santsin baki da ba ya rabuwa da murmushi, ya tsaya gaban kwamitin ya ce shi bai taɓa ganin haka ba, in akwai hujja a kawo. Shi ya sa cibiyar ta fita neman hujja ta hanyar da ba ta barin wurin musu. Mata biyu ake turawa gida guda a rana guda, sa'o'in juna, shigarsu iri ɗaya, aikin da za su ce suna yi iri ɗaya, kowacce ta ce tana da 'yar yarinya guda. Bambancin jimla ɗaya ce tak. Ɗaya za ta ce, "Ni da maigidana ne," ɗayar ta ce, "Ni kaɗai ce." In sun gama dubawa, abin da aka koya musu su faɗa shi ne, "Zan yi shawara, zan kira ka," sannan su fito. A ofis ana kiran su Matar Aure da Ni Kaɗai, abin dariyar kuma shi ne Matar Aure ko saurayi ba ta da shi, Ni Kaɗai ce mai miji da cikin ɗaki fal da 'ya'ya.

In an gama da gida sai a cire jar allura a sa wata. Fara ga wanda ya karɓi matan biyu daidai, shuɗiya ga wanda ya fito fili ya ce a zo da namiji. Baƙa kuwa ta mai wayo ce, wanda zai ce wa Ni Kaɗai an riga an kama, sannan ya buɗe wa Matar Aure ƙofa har da washe baki. Baƙaƙen sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma masu gidajen kamar a makaranta ɗaya suka koyo karatun. Har maganar ta zama abin tsokana a ofis. In ka tambayi ragowar sukari, sai wani ya dafe kai ya ce, "Kash! Da jiya ka zo. An riga an kama."

Dakta kan yi dariyar tare da su, amma ita ta san maganar tun kafin ta zama wasa. Shekarun baya da aurenta ya mutu, ta kwaso akwatuna da 'yarta ta sauka gidan Kawu. A lokacin ma saman benen babu kowa. Bayan ta huta ta same shi a tsakar gida ta ce tana so, kuma za ta riƙa biya kamar kowa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kash! Da jiya kika yi magana, Me-ya-sa. An riga an kama, wani malamin makaranta ne." Me-ya-sa shi ne sunan da ya laƙaba mata tun tana yarinya, don ba a faɗin abu a gabanta ba ta tambayi dalili ba. Ranar kuwa ba ta tambaya ba. Ta yarda, don Kawu ne. Malamin makarantar ya tare da matarsa, amma sai bayan fiye da wata guda, ita kuma ta ce wa ranta ai fenti ake jira ya bushe. Daga nan ta shiga gari neman wurin zama, ta ji wannan magana a bakin masu gidaje har ta haddace, kafin ta samu ɗakuna biyu a can ƙarshen gari inda mota ke juyawa. Wahalar nan ce ta haifi binciken. Sai dai duk lissafin da ta yi na waɗanda suka rufe mata ƙofa, ba ta taɓa sa Kawu a ciki ba.

Yanzu ga jar allura a kan rufinsa. Ran Litinin za ta san ko gaskiya ya faɗa mata a wancan lokacin, ita kuwa ba ta son sani.

Ta ja Malam Ƙididdiga gefe ta gaya masa. Mutum ne da ba ya gaggawar magana, sai da ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Cire shi kawai, Malam," ta ce. "Ka sa kwamfutar ta zaɓo wani. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ke ma za ki sani. Kuma ranar da lauyan nan ya tambaye ni ko akwai gidan da muka cire da hannu, ba zan iya ƙarya ba, kin san kunnuwana rawa suke in na gwada."

Suka shiga wajen Farfesa, shugabar cibiyar, mace mai furfura da ba ta ɓata lokaci a gaisuwa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yanke. Gida yana nan. Dakta ta cire hannu daga duk abin da ya shafe shi, Malam Ƙididdiga ne zai karɓi bayanin masu gwaji, su kuma kada su san komai. Sunan kowa ba ya fita a rahoto, saboda haka babu abin da zai taɓa Kawu.

"Amma ki ji ni da kyau," Farfesa ta ce. "In ya ji ko ƙamshin maganar nan daga bakinki, ba gida ɗaya kika ɓata ba. Za su ce duk baƙaƙen allurorin can haka muka shirya su. Matan da suka zo nan suna kuka sai su koma jiran wata majalisar, ke kuma babu cibiyar da za ta sake ba ki ko riƙon biro."

"Na sani, Farfesa."

"Kina zuwa gidan ran Asabar, ko? Kada ki je wannan karon."

"In ban je ba shi zai taso, da gwiwarsa mai ciwo, ya zo ya ga ko lafiya."

Farfesa ta yi tsaki, ba na raini ba. "To je ki. Ki yi hirar gwiwa, ki dawo."

Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Tana taje wa 'yarta kai tana shirya shari'a a zuci, ita ce mai ƙara, ita ce lauyan Kawu. Mutumin da ya riƙa ɗaukarta a keke zuwa makaranta, wanda in sakamakon jarrabawarta ya fito yakan fita ƙofar gida ya karanta wa maƙwabta da ƙarfi ko ba su tambaya ba, shi ne zai rufe mata ƙofa? Sai wata zuciyar ta ce, to fentin wane irin fenti ne da ba ya bushewa sai bayan wata? Har yarinyar ta ce, "Mama, kin taje nan sau uku," sannan ta farga.

Ran Asabar ta tarar da shi inda ya saba, a kujerar roba a inuwar bango, rediyo a cinya, ƙafar hagu a miƙe kan wani tsohon bokiti da aka kife. Inna, matarsa, tana kicin tana faɗa da tukunya.

"Yauwa, ga likita ta iso," ya ce. "Me-ya-sa, zo ki taɓa gwiwar nan ki ji."

"Kawu, sau nawa zan gaya maka ni ba irin wannan daktar ba ce?"

"To wace irin dakta ce ba ta san gwiwa ba? Inna, kin ji an cuce mu. Shekara da shekaru muna aika yarinya makaranta, ashe tambayar mutane kawai aka koya mata, abin da ta iya tun tana rarrafe."

Ta yi dariya, ta durƙusa ta taɓa gwiwar. Ta kumbura kuwa, da ɗumi. Ya ɗora hannu a kanta yana sa mata albarka kamar yadda ya saba, sai ta ji ƙwalla na neman zubo mata, ta yi sauri ta miƙe. Ya aiki jikarsa ta karɓo masa abin daɗi a wajen Inna, sannan ya laluba aljihu ya miƙo wa Dakta makulli.

"Taimaka ki hau sama ki rufe min tagogi, hadari nake gani. Malamin nan ya tashi, an yi masa canjin wurin aiki. Ni rabona da hawa benen nan tun kafin ƙafar ta tsananta, ba zan iya ba."

Ba ta taɓa shiga saman ba tun da aka gama shi. Falo ne mai haske, iska na ratsa shi ta gaba da baya. A jikin bango an fafe wata doguwar kanta, daidai wadda littattafanta za su cika, waɗanda har yau ke cikin kwalaye a ƙarƙashin gadonta don rashin wuri. Ta tagar baya ana hango makarantar 'yan mata, tafiyar da yaro zai yi a ƙafa yana cin gyaɗa. 'Yarta kuwa sai sun tashi da duhu sun shiga mota biyu. Ta rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya.

A kan matakala dabara ta zo mata. Jimla ɗaya ce: Kawu, duk wadda ta zo ka nuna mata. Zai yi kuwa, don ita ce ta faɗa. A sa masa farar allura, ta ci gaba da zuwa Asabar ana hirar gwiwa har ƙarshen rayuwarsu. Ba tsoron doka take yi masa ba. Kanta take so ta rufa wa ido, kuma ta san haka, shi ya sa abin ya ba ta kunya tun kafin ta sauko.

Ta miƙa masa makulli. Bakinta ya buɗe da kansa.

"Kawu, ran Litinin..."

"Me ake yi ran Litinin?"

Ya ɗago yana kallonta da idanun nan nasa da suka fara fari-fari a gefe. Ta laluba abin da za ta cike gurbin da shi.

"Ka je asibiti a duba ƙafar nan. Likitan gaske."

Tana rufe baki ta gane kuskurenta. Garin gudun faɗa masa, ga shi tana neman fitar da shi daga gida a ranar gwajin, wanda shi ma ɓata aiki ne, ko makaho ya gani. In ya ce to, me za ta ce wa Farfesa?

"Litinin ba inda za ni," Kawu ya ce yana murɗa rediyo. "Dillali ya ce masu neman gida za su zo. Sai dai Talata, in Allah ya kai mu."

Ta sauke ajiyar zuciya, a lokaci guda kuma ta ji kamar an ɗora mata dutse. Inna ta kawo shinkafa, Dakta ta tsakura kaɗan ta ce ta ƙoshi. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce aikin nan yana cinye ta, duk ta rame.

Litinin da safe, kafin ta ajiye jaka, ta gaya wa Malam Ƙididdiga maganar asibitin ba tare da ta rage komai ba. Ya cire tabarau.

"Ya yarda zai je?"

"Ya ƙi."

"To taurin kan tsoho ya cece mu. Zan rubuta wa Farfesa yadda aka yi." Ya miƙo tafin hannu. "Kawo wayarki. Ba don ina zarginki ba, don in an tambaya in ce a aljihuna ta wuni."

Farfesa ta ce ta koma gida ta huta, Dakta ta ce ta ji, amma ƙafarta ta ƙi. Akwai wani ɗan ɗakin ajiya a bayan inda ake karɓar bayani, katako ne kawai ya raba su, an cika shi da kwalayen tsofaffin bincike da wata fanka da ta mutu. Nan ta shige ta zauna a kan kwali. Malam Ƙididdiga ya gan ta, ya yi kamar bai gani ba, ya dai ce in ta yi ko tari zai kore ta.

Ƙuri'a ta nuna Ni Kaɗai ce za ta fara zuwa. Dakta ta bi ta a zuci: yanzu ta sauka a gidan mai, yanzu ta shiga lungu, yanzu tana ƙwanƙwasa koren ƙyauren da sai an ɗaga shi kaɗan yake buɗuwa. Ta ɗauko wata tsohuwar takarda don ta karanta, ta ga haruffa kawai. A waje wani yana ta neman sukari, wani ya ba shi amsar da aka saba, aka kwashe da dariya.

Ba a jima ba ta ji takun Ni Kaɗai da jan kujera. Saurin dawowar kaɗai ya ishe ta labari, amma ta kasa kunne.

Malam Ƙididdiga ya bi tambayoyinsa yadda suke a jere, da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Wa ya buɗe? Mai gidan da kansa. Ya ba ki wurin zama? Ya bayar, har ya sa matarsa ta kawo ruwa. A wane lokaci kika faɗi jimlarki? Bayan ya tambayi aikina. Me ya ce, kalma da kalma?

Ni Kaɗai gwanar kwaikwayon murya ce, shi ya sa ma aka ɗauke ta. Ta sauke muryarta ta yi kauri, har da ɗan tarin da Kawu ke yi kafin magana.

"'Kash! Da jiya kika zo, 'yata. An riga an kama.'" Ta koma muryarta. "Amma Malam, wallahi tsohon nan ya shiga raina. Da ƙafarsa mai ciwo ya rako ni har bakin ƙyaure, yana ta yi wa yarinyata addu'a. Wannan kam ina jin da gaske an kama."

"Ba a tambaye ki abin da kike ji ba," Malam Ƙididdiga ya ce a hankali.

Dakta ta kama wannan magana ta riƙe da hannu biyu. Ai akwai Lahadi tsakani. Wani zai iya zuwa ran Lahadi ya gani ya kama, gida mai kyau irin wannan ba ya kwana. In haka ne, Matar Aure ma za ta ji amsa ɗaya, ta dawo da wuri, a sa farar allura. Ta shiga roƙon Allah ya sa wani baƙon da ba ta sani ba ya riga kowa.

Matar Aure ta tafi bayan an ba da tazarar da aka saba. Lokacin da ya kamata ta dawo ya yi, ba ta dawo ba. Dakta da kanta ta taɓa rubutawa a rahoton wucin gadi cewa daɗewar ziyara alama ce ta an buɗe ƙofa, har Farfesa ta yaba da lurar. Yau ta zauna tana ƙaryata kanta. Cunkoso ne a gidan mai. Ko ruwa aka yi a can kudu. Ko yarinyar ta tsaya sayen takalmi, ai an san ta da son takalma. Ta miƙe, wuri ya yi mata kaɗan, ta koma ta zauna. Ta kai hannu jaka neman waya, ta tuna tana aljihun wani.

Sai bayan azahar ta ji dariyar Matar Aure tun daga baranda.

"Malam, yau na ga gata! Sai da na sha shayi."

"Zauna. Wa ya buɗe?"

Suka bi jerin. Da aka zo kan jimlar, Matar Aure ta ce tana faɗin "ni da maigidana ne" tsohon ya ce madalla, ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo makulli.

"Wa ya kai ki saman?"

"Shi da kansa. Na ce ya bari in hau ni ɗaya, ya ce ina, baƙo ba ya hawa shi kaɗai. Yana hawa yana hutawa, yana riƙe bango, har tausayi ya ba ni. Shi ya sa muka daɗe. Ya buɗe min tagogi duka, ya nuna min makarantar 'yan mata ta baya, ya ce yarinya ta huta da shiga mota. Akwai wata kanta a bango, ya ce in maigidan mai karatu ne ga wurin littattafansa."

"Ya ce wani ya riga ya kama, ko wani ya nuna yana so?"

"Ko kusa. Cewa ya yi in mun shirya ko gobe mu tare."

A bayan katako Dakta ta sa gefen mayafinta a baki ta cije. Ba kuka ta yi ba. Wani sanyi ne ya sauko mata tun daga wuya har yatsun ƙafa, irin na wanda zazzaɓi ya sake shi. Abin da ya fi tsaya mata shi ne benen. Ya hau.

Da masu gwajin suka tafi ta fito. Malam Ƙididdiga yana gaban taswira, ya zare jar allurar, baƙar tana tsakanin yatsunsa. Ta miƙa hannu.

"Ba ni in sa."

"Ba ke za ki sa ba, Dakta. An cire hannunki." Ya soka ta da kansa, a hankali, sannan ya ciro wayarta daga aljihu. "Tun ɗazu take motsi. An gama da gidan, kina iya ɗauka. Amma maganar bincike tana nan a rufe har a miƙa rahoto."

Kawu ne ya yi ta kira. Ta fita baranda, ta jingina da ƙarfen matakala, ta kira shi.

"Me-ya-sa, ina kika shiga? Ko tambayoyin ne suka riƙe ki?"

"Aiki ne, Kawu. Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta ɗauki fushi, yau na hau sama. Amma an dace, na samu masu kama gida. Wata yarinya mai hankali, ita da mijinta. In sun dawo ki zo ki tsara mana takardar yarjejeniya, kin fi dillalin nan iya rubutu."

Ta san ba za su dawo ba. Ta ce to.

"Wata ma ta zo kafin ita," ya ci gaba, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a bayansa. "Baiwar Allah, ita kaɗai da 'yar yarinyarta. Wallahi har yanzu tana raina."

"Me ya sa ba ka ba ta ba?"

Ya yi dariya. "Kin fara ko? Ke ma kin san unguwa. Mace ba namiji a saman bene, yau a ce an ga wane ya hau, gobe a ce an ga wane ya sauko. Ni ba zan iya da bakin mutane ba, ita ma ba za ta ji daɗin zama ba. Amma fa ban wulaƙanta ta ba. Ce mata na yi an riga an kama. Ai haka ake yi, ba a faɗa wa mutum irin wannan a ido, sai ka karya masa zuciya a banza. Kin ga ta tafi da mutuncinta, ba ta san komai..."

Maganar ta tsaya masa a nan. Dakta ta ƙara manna wayar a kunne. Ta ji numfashinsa, ta ji motsin kujerar roba, sannan ta ji an kashe rediyon.

"Me-ya-sa?"

"Ina ji, Kawu."

"Naki... naki daban ne."

Ya tsaya yana jira. Ta san abin da yake jira, tambayar nan tata da ya saba da ita tun tana kan kekensa, don ya samu ƙofar da zai shiga ya yi bayani. Tana son mutumin nan har cikin ranta, kuma a yau ɗin ma babu abin da ya ragu, shi ya sa ciwon ya yi yawa. Ba ta tambaya ba.

"Ka sa Inna ta gasa maka gwiwar da ruwan ɗumi," ta ce. "Gobe ka je asibiti."

"Zan je." Muryarsa ta yi ƙasa. "Za ki zo ran Asabar, ko? Ki zo min da jikata."

Ta dubi titi, motoci na ta wucewa. Amsar ta fito mata a shirye, yadda ita da kanta ta koya wa matan nan biyu su faɗa in za su bar gidan da ba za su zauna ba.

"Zan yi shawara, Kawu. Zan kira ka."

Ta kashe wayar ta koma ciki. Malam Ƙididdiga ya riga ya cika baki da jajayen allurai, ta ɗauki takardar ta tsaya a gefensa tana karanto masa gidajen mako mai zuwa.